Neman Keken Gangara a Ngaundere

Tun da na dawo daga Kamaru ban samu sakewa ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wurin mai shayi a tare ni, har wani tsohon ɗalibina da rabona da shi tun yana aji uku ya bugo waya wai yana so ya ji yadda ƙasar waje take. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wanda na ba labarin a nan unguwar Barade ta Jalingo, kafin ya kai Nukkai ya ƙara masa gishiri har ni kaina ba na gane shi. Don haka ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Mai son a siffanta masa korama da furanni ya nemi wani matafiyin. Ni mutane na gani, kuma ba su burge ni ba.

Musabbabin tafiyar Buba ne, ƙanen maiɗakina Hajiya Asta. Ma'aikacin safiyo ne, ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya, kuma a sauran al'amuran duniya ana iya cewa yana da hankali. Ciwonsa ɗaya ne: keke. Ba irin wanda muka sani ba, da ake ɗaura wa buhun masara a kai kasuwa. Wani Bature mai haƙa rijiyar burtsatse ne ya sayar masa da nasa da zai koma gida, ya bar masa cutar tare da keken. Keke ne mai shok gaba da baya, ba kariya, ba madigadi, ba ƙararrawa. Wato an cire duk abin da ke da amfani, an bar tsadar. Aikinsa shi ne mutum ya yi gumi ya hau dutse, in ya kai sama ya juyo ya gangaro a guje ta kan tsakuwa da saiwoyi, ya iso daidai inda ya tashi. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da Faransanci, na karanta wautar 'yan Adam iri-iri a littattafai, amma ban taɓa cin karo da tafiyar da manufarta ita ce a dawo inda aka fara da ƙarin rauni ba.

Bara da kaka, yana gangarowa daga wani dutse a wajen Kona, firam ɗin keken ya tsage. Keken ya tsaya, Buba ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Manoma ne suka kawo shi a bayan babur, kafaɗa a karye, fuska kamar an goge ta da dutsen niƙa. Duk dangi muka ce to, an yi karatu, an biya kuɗin makaranta. Ranar da mai ɗori ya kwance masa kara, tambayar farko da ya yi ita ce ina zai samu wani.

Ya yi ta cigiya har aka ce masa akwai wani Alhaji a Ngaundere da jirgin ƙasa ke kawo wa kekunan gwanjo na Turai daga bakin teku. Sai ga shi ya zo ya durƙusa wai in raka shi in yi masa tafinta. Na buɗe baki zan ce a'a, Hajiya ta yi mini ido daga ƙofar kicin. Da ya tafi ta ce, "Malam, ka bi shi."

Na ce, "In bi shi in riƙe masa hular kwano?"

"Ka bi shi ka ɓata cinikin. Ai kai ne mai Faransanci. In mai kaya ya ce ya yarda, ka ce masa bai yarda ba. In ya yi masa sauƙi, ka ninka." Ta zauna a bakin gado. "Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. An kawo mini shi a bayan babur, na gani. Ba na son in ga an kawo shi a cikin tabarma."

Na saba in mayar da irin wannan magana wasa, amma ranar ban ga ƙofar wasa a fuskarta ba. Haka na tashi daga Jalingo da fuska biyu: tafinta a wurin ƙane, maƙetaci a wurin yaya.

Motar Yola muka shiga. Direba ya rantse cewa da mu za a cika, kuma ya yi gaskiya, don sai da ya cusa mutum huɗu a bayanmu sannan ta cika. Buba ya rungume hular kwanonsa a cinya kamar mai kai jariri asibiti. Kusa da shi wani ɗan kasuwar doya ne, Mumuye, zai sauka a Zing. Tun daga tasha yake kallon hular, sai da muka fita gari ya kasa haƙuri.

"Oga, ba kai ne wannan mutum yana faɗowa a dutse namu ba?"

Buba ya gyara zama ya ce ba faɗowa ba ne, wasa ne na motsa jiki, a ƙasashen da suka ci gaba har gasa ake yi.

"To. Mu muna hawa don gona yana can sama. Kai me ka shuka a can?"

Motar ta kwashe da dariya. Wata mata mai kaji a kwando ta ce ita ta ɗauka ma ɗan acaɓa ne aka ƙwace wa babur. Daga nan Buba ya ja bakinsa, sai in mun faɗa rami ya raɗa mini cewa da a kan keke mai shok ne da ba za mu ji komai ba. Na ce da a gida muka zauna ma haka.

Mun kwana a Yola, da safe muka nufi Gurin, inda kogin Faro ya raba mu da su. A nan na ga cewa iyakar ƙasa abu ne da ke cikin taswira da kan masu kaki kawai. Shanu na ƙetarawa ba mai tambayarsu, mata na ƙetarawa da ƙwaryar nono, sai mu masu takardu ne aka tsayar. Kwalekwale ya kai mu wancan gefen, inda wani mai kaki ke zaune a ƙarƙashin bishiya da teburi mai ƙafa uku da dutse. Na gyara hula, na yi gyaran murya, na zuba masa gaisuwa da bayanin tafiyarmu cikin Faransancin da na daɗe ina ajiya don irin wannan rana. Ya saurara har na kai aya. Sannan ya juya wurin Buba ya tambaye shi da Fillanci ko baban nasa huɗuba yake yi.

Mu asalinmu Zazzagawa ne, kakana fatauci ya kawo shi Muri, Fillancina bai wuce na cefane ba. Buba kuwa da shi aka yi masa goyo. Kafin in ankara sun shiga gaisuwar jam na, jam koo ɗume, sun gano wata gwaggo da suka haɗa a Mayo Belwa. Na tsaya a gefe riƙe da katin rigakafi kamar ɗan rakiya. Da mai kakin ya ji abin da ya kawo mu, ya dube mu sama da ƙasa, dattijo mai furfura da magidanci mai tumbi.

"Keke? Duk faɗin Najeriya babu keke?"

Na ce a raina, ka ga mutum na farko mai hankali, kuma shi ma ba a ƙasarmu yake ba.

Daga nan muka wuce Garuwa. Garuwa zafi gare ta irin wanda ke sa mutum ya yafe wa Jalingo laifuffukanta. Mun sauka a wani masauki da suke kira oberj. Matar da ke kula da wurin ta tambaye mu ko ɗakin kwana muke so ko na hutawa, ban nemi ƙarin bayani ba. Ɗakin yana da gado ɗaya, da madubi da ya fi gadon girma, da fanka mai kukan injin markaɗe wadda ba ta motsa ko labule. Abinci kuwa, burodinsu dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, kuma da tauri kusan ɗaya. Za ka ga babban mutum da babbar riga ya saƙalo shi tsirara a hammata yana tafe, ba leda ba kunya. Mai shayinsu ya fasa ƙwai, ya zuba dafaffiyar taliya a ciki, ya soya, ya cusa a cikin wannan sandar ya miƙo mini. Na tambaye shi ko an yi rashin jituwa ne a kicin aka haɗa abincin mutum uku a wuri ɗaya. Bai gane ba, ya ƙara mini yaji. In faɗi gaskiya, tsirensu ba laifi, kuma miyar yakuwarsu da suke kira folere ta zauna mini. Amma ba don wannan mutum zai ƙetare kogi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki tashar motarsu ce. Ka sayi tikiti, ka zauna a benci, in lokaci ya yi wani ya fito yana kiran suna ɗaya-ɗaya kamar malamin aji, kowa ya shiga bi da bi. Ba turereniya, ba mai shiga ta taga, ba mai ajiye ɗankwali ya kama wa ƙanwar kishiyar maƙwabciyarsa wuri. Har na fara jin kunyar gida. Sai da aka gama kiran sunan nan cikin ladabi na ga an jera mu biyar a kujerar mutum huɗu, aka ɗora mini buhun albasa a ƙafa. Ashe matsin ɗaya ne, su dai sai sun kira sunanka tukuna.

Kafin a shiga Ngaundere akwai wani hawa mai tsawo da mota ke yi tana nishi. Fasinjoji na salati, Buba ya manna goshi a gilashi yana nuna mini gangara, yana kirana da Hamma, wato yaya a Fillanci. "Hamma, dubi wancan layin! In ka biyo ta bayan dutsen can ka karyo hagu..." Na ce na gani, har na hango inda za a tsince shi.

Shagon Alhaji Sali yana bayan tashar jirgin ƙasa, rumfar kwano ce mai zurfi, kekuna rataye a sama kamar naman layya. Ragowar fatan da nake da shi na ɓata ciniki ya mutu a bakin ƙofa, don Alhajin ya tarbe mu da Hausar da ta fi ta rabin mutanen Barade. Ya shekara yana fatauci a Kano. Mutum ne siriri mai murmushin da ba ya kaiwa ido, irin wanda in ya ce maka sannu sai ka taɓa aljihu.

A nan dole in yi wa Buba adalci, ya san abin da ya zo nema. Alhaji ya fara turo masa wani ja mai ƙyalli da ƙaton sifirin a tsakiya. Buba ya danna shi sau ɗaya, ya yi ƙara kamar tsohon gadon ƙarfe ya wullo hannunsa sama. Ya ce wannan sifirin na ado ne, a kai wa yaran masu kuɗi su zaga tsakar gida. Murmushin Alhaji ya ragu, ya kai mu can ciki inda na gaske suke. Buba ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa ƙarfen shok ya duba yatsa ko mai na yoyo. Ya kama tayar baya ya girgiza gefe da gefe, yana kasa kunne ko mahaɗan sun yi sako-sako. Ya haska fitilar waya a duk inda aka yi walda yana neman tsaga, don a nan kekensa na baya ya ci amanarsa. Ya matse birki ya tura. Da rabin wannan natsuwar yake auna filayen mutane, da an rage shari'a a Jalingo.

Daga ƙarshe biyu suka rage.

Na farko baƙi ne, ƙato, ƙahonsa ya fi faɗin ƙofar ɗakina, shok ɗin gabansa kamar na babur. Babur ne dai da aka manta ba a sa wa inji ba. Alhaji ya ce wannan na gangara ne zalla, ba a hawa dutse da shi. Na ce to da me ake kai shi sama? Ya ce a can Turai akwai wasu kujeru da ke tafiya a kan igiya, su ɗauki mutum da kekensa su kai shi ƙololuwa, ya gangaro, ya sake biya a sake ɗaukarsa. Na ce madalla, ashe akwai ƙasar da ake biyan kuɗi a ɗaga mutum don ya samu inda zai faɗo. Na tambayi Buba ko an kafa irin wannan igiyar a Kona ban sani ba.

Na biyun ƙarami ne, mara nauyi, yana da giyar hawa da ta sauka, shok gaba da baya daidai wa daida. Buba ya ɗora ƙafa ya hau. Ban san komai game da keke ba, amma na san fuskar ɗalibin da ya ga tambayar da ya karanta ta fito. Ƙafarsa ta taɓa ƙasa, yatsunsa suka sauka kan birki ba tare da ya miƙe ba, ya danna keken ya nutse a hankali ya taso a hankali. Ya zaga rumfar sau biyu yana murmushi shi kaɗai. Aibinsa ɗaya, launinsa ruwan hoda ne, irin na ɗankwalin 'yan mata ranar Sallah.

Sai wani mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo ya ce, "A'a, Alhaji, yau keken Baturiyar ya samu miji?"

Buba ya diro kamar sirdin ya yi zafi.

"Na mace ne?"

Alhaji ya harari mai rediyo, ya ce ai keke ba shi da jinsi, wata ce dai ta hau shi a can, kuma tsayinsu ɗaya da Buba, shi ya sa ya zauna masa. Wannan bayanin ya ƙara ɓata lamarin. Buba ya juya wa keken baya, ya dafa baƙin ya ce shi dama wannan ne ya kwanta masa.

Ya hau. Wanda aka ƙera wa wannan keken, ko wane ne, zai iya cire mangwaro ba da sanda ba. Buba gajere ne, kowa ya sani, shi kaɗai ne bai samu labari ba. Yatsun ƙafarsa na lilo suna neman ƙasa, hannuwansa a baje kamar wanda aka ce ya auna zani, ɗan yatsansa da ƙyar yake shafar birki.

Na ce, "Buba, ya yi maka yawa."

"Hamma, gara babba. Mutum ya saba da shi."

Kun ji mu. Haka muke sayen takalmin yaro da lamba biyu a sama, a cusa tsumma a gaba wai zai girma ya cika shi. Haka muke ɗinka rigar makaranta har gwiwa. Mun ɗauka duk abin da ya yi mana daidai an cuce mu. Na tuna masa cewa a shekarunsa in zai ƙaru, ta gaba zai ƙaru ba ta sama ba.

Ya dage sai ya gwada shi a dutsen da ke bayan gari, mai wani ƙaton curi a ka. Alhaji ya ce ba matsala, amma a al'adar kasuwar nan baƙo ba ya fita da kaya sai ya bar jingina. Buba ya miƙa waya, Alhaji ya girgiza kai. Ya miƙa takardun tafiya, ya ce takarda ba ta da amfani a wurinsa. Sai duk su biyun suka juyo suka dube ni.

Haka aka zaunar da ni a kan benci tsakanin tayoyi, ni da na yi mataimakin shugaban makaranta, a matsayin abin da za a riƙe in keke bai dawo ba. Aka kawo mini shayi. Mai rediyo ya zo ya duba ni, ya ce wa Alhaji da Fillanci wani abu da na tsinci kalmar tsoho a ciki, na fahimci yana ganin an yi wa shagon ƙwange. Masu wucewa na tambaya, ana nuna ni. Na yi azahar a nan, da ɗan rakiya har bakin famfo.

Zaman ya yi mini amfani ɗaya, na yi tunani. Aikin da Hajiya ta ba ni ya riga ya rushe, ba Faransancin da zan karkatar, kuma ko na ɓata wannan cinikin, Buba zai sake wata tafiyar ba tare da ni ba. Ba kuma keke take tsoro ba, tabarma take tsoro. Na dubi ƙaramin da aka jingine a bango. Na tambayi Alhaji tun yaushe yake nan.

Ya yi ajiyar zuciya ta gaskiya, ta farko da na ji daga gare shi. "Malam, duk wanda ya san keke in ya hau shi ba ya son sauka. Sai ya ga launin. Baƙin kuwa ko gobe ɗan wani mai kuɗi zai saya ya jingine a falo."

Bayan la'asar sai ga Buba, ba a kan keken ba, a gefensa, yana turawa yana ɗingishi. Wandonsa ya yage a gwiwa, gwiwar hannu na jini, ciyawa a cikin hular kwano. Daga baya na ji cewa turawa ya yi har sama, sai da wasu masu itace suka taimaka masa, a gangarowa kuma kwanar farko keken ya miƙe abinsa, shi ya yi kwanar.

Ya jingine shi yana haki, ya ce, "Kai! Wannan shi ne keke. Alhaji, nawa za ka..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na miƙe, na ɗora hannu a kan sirdin mai ruwan hoda, na ɗaga murya yadda mai rediyo da maƙwabtansa za su ji, na taya. Na faɗi abin da na san yana cikin aljihun Buba, na rage na mota.

Alhaji Sali bai ko yi albarka ta al'ada ba. Ya cafke hannuna da hannu biyu. "Na sallama! Na sallama wa dattijo!" Mai rediyo ya ce Allah ya sa alheri, wani tela ya fito ya shafa fatiha, nan da nan mutum biyar sun zama shaidu.

Wanda bai san mu ba zai ce ai sai Buba ya ce bai yarda ba, kuɗinsa ne. To, ba a yi. Babba ya taya, an sallama masa, an shafa. Ƙanen mata ya buɗe baki a gaban baƙi, a ƙasar mutane, ya ce mijin addarsa, wato yayarsa, ya yi magana a banza? Bafillatani ne, gara ya haɗiye garwashi. Ya dubi baƙin keken, ya dube ni, ya sa hannu a aljihu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Hamma ya yi magana."

Muka yi shirin komawa gida. Buba ya sayi buhunan siminti marasa komai ya naɗe keken kamar gawa, amma yaran mota da suka ɗora shi a sama suka yage rabi, ruwan hodar ya leƙo yana sheƙi har daga nesa. A bakin kogi muka tarar da mai kakinmu a ƙarƙashin bishiyarsa. Ya zaga keken, ya ɗaga buhu, ya yi murmushi.

"Barka, an samu. Na amarya ne?"

Buba ya dubi ruwa ya ce, "Na Malam ne. Ni rakiya na yi."

Mai kakin ya dube ni da sabon tausayi. A cikin kwalekwale ma haka Buba ya faɗa, a tashar Yola haka, a Zing da masu doya suka taru suna kallo haka. Kafin mu iso Jalingo ya faɗa sau da yawa har ya fara yarda.

Hajiya na tsakar gida tana tsince shinkafa muka shigo da shi. Ta dubi keken, ta dubi gwiwar ƙanenta, sannan ta dube ni, irin kallon da na san bayaninsa zai ɗauki mako.

"Malam, me na ce maka?"

Kafin in haɗa amsa Buba ya riga ni, don ya fi ni tsoronta. "Adda, ba nawa ba ne. Wallahi Hamma ne ya taya, shi aka sallama wa. Tambaye shi."

Ta ajiye tire a hankali. "Haka ne, Malam?"

Na ce haka ne.

"To alhamdu lillahi. Tunda na mijina ne, a gidan mijina zai kwana." Ta tashi ta kama ƙahon da kanta ta tura shi ɗakin ajiya, tsakanin buhun gero da tsohon keken ɗinki, ta datse kwado, ta ɗaure makullin a bakin zani. "Mai son aro ya zo ya same ni. Da hular kwano a kansa, ya faɗa mini dutsen da za shi da wanda za su tafi tare, kuma in gan shi a nan kafin a kira magariba, da ƙafafunsa. Ranar da aka saɓa, na sayar wa masu gwangwan."

Buba ya buɗe baki, ya tuna abin da ya rantse a kai yanzu-yanzu, ya rufe.

Ya yi fushi na wani lokaci, bai zo ba. Sai wata Asabar da hantsi na ji sallama. Ya durƙusa a ƙofar kicin, hula a ka, yana wasa da yatsu.

"Adda, ko Hamma zai ara mini kekensa?"

Ta bar shi a durƙushe har ta gama kwashe tuwo, sannan ta kwance bakin zani. Ya dawo kafin magariba, ƙura har gira, ba ko ƙwarzane, yana ta surutu wai ya hau inda bai taɓa hawa ba ba tare da ya sauka ya tura ba. Tun daga ranar haka ake yi duk mako, ya zo ya durƙusa, ta yi masa tambayoyi kamar mai kakin Faro, ya fita ta bayan layi don kada 'yan majalisa su ga launin.

Ni kuwa mai keken, har yau ba wanda ya taɓa tambayata.